Shekarar da Harshena Ya Yi wa Jamus Aiki

Bana ma damina ta yi mana rowa. Hadari sai ya taso daga bayan duwatsun Tingilin, ya yi baƙi ƙirin har mata su fara kwashe shanya, sannan iska ta zo ta watsa shi kamar taron da aka hana goro. Jiya da la'asar ina zaune a zaure nan unguwar Pumpumre ina kallon sama, sai jikana Usumanu ya fito da rediyonsa da ta daina magana. Ya ciro pil, wato batirin nan mai faɗi, mai kunnuwa biyu na tagulla, ya ɗora a harshe, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce, "Da saura." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ya ce, "Kaka, lafiya?" Na ce masa abin nan da ya yi da wasa, da shi na ci da gidana wata shekara, zamanin Jamus.

Ni Garba, asalina marini ne. Ubana ya zo Garuwa daga ƙasar Kano da sana'ar, ya haƙa karofinsa kusa da kasuwa, na gaje shi. A lokacin da nake ba da labari ban daɗe da aure ba, ni da matata Hajjo da ɗa guda a goye, ga kuma tsohuwata da ke tare da mu. A shekarar nan ruwa ya sauka sau ɗaya da wuri, kowa ya ruga ya yi shuka, daga nan sama ta rufe bakinta. Dawa ta fito, ta kai tsawon kamu, ta nannaɗe ganye ta tsaya. A watan da kogin Binuwai ya saba cika har ya taɓa gindin itatuwa, yara na tsallaka shi da ƙafa, ruwa iya gwiwa. Dorinai suka taru a ɗan gurbin da ya rage suna huci kamar masu jiran shari'a. Zafi kuwa irin na bazara ne ya dawo tsakiyar damina, ga gumi, ga ƙudaje, ba iska. Baban rini bai yi ba, ruwan cika karofi ya yi wuya, kuma mai jin yunwa ba ya kai riga rini. Sai na wayi gari da hannaye shuɗɗa da rumbu fari.

Ana cikin haka aka ce Baturen waya na neman mutum mai harshe. Na ɗauka tafinta ake nufi, na ce ni Fulatancina ma na ciniki ne. Aka ce a'a, harshe dai na cikin baki.

Baturen nan Jan Gemu muke ce masa. Ba soja ba ne sosai, shi ne mai kula da wayar magana da ta haɗa bariki da masaukin jirgi a bakin kogi. Kakkaura ne, mai yawan gumi, ya iya Hausa daidai gwargwado, sai dai duk duniya mace ce a wurinsa. Namiji "ke", doki "ke", har kwamandansu idan yana ba da labarinsa "ita". A ɗakinsa akwai akwatin katako a bango, mai abin sa wa kunne da abin magana da mariƙi da ake juyawa. A ƙasa kuma tuluna ne na gilashi a jere. Kowane tulu da ruwa a ciki, da sandar tutiya fara, da wata sanda baƙa ta gawayi. Su ne batiran wayar, sandar gawayin muke ce wa kai, ta tutiyar kuma wutsiya. A ruwan ake narka wani farin gishiri mai ɗaci wanda jirgi ke kawowa daga teku sau ɗaya a shekara, idan kogi ya cika. Kogi bai cika ba, jirgi bai zo ba, gishiri ya kusa ƙarewa.

Yana da wani ɗan agogo mai allura da yake gwada lafiyar tuluna da shi. Ranar nan ya sa shi a aljihun baya ya hau doki. Abin da ya rage bayan ya sauka ba ya gwada komai. To, akwai wata hanya: idan ka ɗora wayoyi biyu na tulu a harshe, za ka ji ɗan tsami da tsikari, gwargwadon ran da ke cikinsa. Amma harshen Jan Gemu taba da kwinin sun kashe shi, ko barkono ba ya ji. Mu kuwa marina da harshe muke sanin rini ya nuna ko ya mutu. Ya sa na lasa tuluna kaɗan, na ce wannan saurayi ne, wannan magidanci, wannan a kira masa 'yan'uwa. Ya buga cinya ya ce, "Ke ce nake nema." Ladana mudun dawa kullum daga rumbun bariki. A wannan shekarar, da an ce in lashi maciji a ba ni mudu, sai dai in tambaya ta kai ko ta wutsiya.

Jan Gemu mutum ne da ba ya iya barin ka cikin jahilci ka huta. Ya ce sai na gane abin da nake lasa. Ya ɗauko salka cike da ruwa, ya huda ta da allura, ya matsa. Ruwa ya yi tsartuwa siriri har bango. Ya ce, "Matsin hannuna, shi ne turi. Ruwan da ya fita, shi ne gudu. Nan turi da yawa, gudu kaɗan, ba za ki cika ko moɗa ba." Sannan ya kwance bakin salkar bai matsa ba, ruwa ya kwararo ya jiƙa masa takalmi. "Nan gudu da yawa, turi babu. Aiki yana son duka biyu. Turi da gudu idan sun haɗu, shi ne ƙarfi." Ni dai idona na kan ruwan da ƙasa ke shanyewa, ina tuna Hajjo da ta fita tun asuba da tulu a ka. Su Usumanu sun ce a lakwal, wato makarantar boko, ana kiran waɗannan abubuwa bolt da amfer da wat. Ni turi da gudu da ƙarfi na sani, kuma ban ga sun canza hali don an canza musu suna ba.

Ya nuna mini haɗi iri biyu. Idan ka ɗaura kan wannan tulu a wutsiyar wancan, kamar raƙuman ayari, turinsu na haɗuwa ya yi yawa. Idan kuwa ka haɗa kai da kai, wutsiya da wutsiya, kamar maza a gayya kowa da kunyarsa, turi bai ƙaru ba, amma sun raba kaya, kowa ɗan gudu kaɗan zai bayar, sai su daɗe ba su gaji ba. Ya kuma gargaɗe ni da tsohon tulu. Idan yana hutawa za ka lasa ka ji shi garau, amma da an ɗora masa aiki sai turinsa ya zube. Wannan ban sha wuyar gane shi ba, don haka duk mazan unguwarmu suka zama: a gaisuwa murya tangaran, a ɗauki fartanya sai jiri.

Mariƙin da ake juyawa shi ke kaɗa ƙararrawa a can ɗaya gefen, da ƙarfin hannu yake aiki, ba ruwansa da tuluna. Tuluna su ke ɗaukar murya. Saboda haka da suka fara yunwa, ƙararrawa na kaɗawa lafiya lau, amma murya sai ta zo kamar kukan sauro a cikin tukunya. Kwamanda ya riƙa zuwa yana kurma ihu a cikin akwatin, har masu kwale-kwale suka ce suna jin sa daga bakin kogi ba tare da waya ba. Ya ce wa Jan Gemu idan abin ya mutu a rufe ɗakin, a koma aiken mai doki. Rufe ɗaki kuwa rufe muduna ne.

Muka shiga neman abin da zai maye gishirin Bature. Muka gwada manda, gishirin nan namu na gida, ta ɗan yi, ga shi ita ma ta yi tsada kamar ido. Muka gwada kanwa, tuluna suka yi kumfa suka ɓata rai. Jan Gemu ya ce abu mai tsami ake so. Na yi suɓul da baka na ce Hajjo na da tsamiya da ta ɓoye don kunun azumi. Washegari sai ga soja a ƙofar gidana, da bindiga, ya zo karɓar tsamiya. An ba ta dawa a madadi, amma Hajjo ta yi kwanaki idan za ta miƙo mini ruwa sai ta kalli bango. Tsamiyar ta yi aiki, sai dai tana cin tutiya kamar gara. Dole kullum da hantsi in bi tuluna da harshe suna cikin aiki, in ware masu rai, mu haɗa raunana biyu-biyu kafaɗa da kafaɗa su zama kamar ƙaƙƙarfa ɗaya, sannan mu jera su ayari. Da haka murya ta dawo, ba da ƙarfi ba, amma ana gane wanda ake zagi.

Sai watan azumi ya kama.

Azumin wannan shekara bai zo mana da baƙon abu ba, don mun riga mun fara shi tun kafin a ga wata, niyya ce kawai ta ƙaru. Mudun nan Hajjo ke raba shi: rabi tuwo da miyar tafasa a sha ruwa, ɗan kaɗan kunu tsararo na sahur, sauran ta ƙulla a gefen zane ta kai wa maƙwabciyarmu da mijinta ya tafi kudu neman abinci bai dawo ba. Mata na fita rukuni-rukuni tonon bado a tafkunan da suka janye, yara na bin gidajen tururuwa suna kwashe abin da suka tara. Da rana gari tsit, ko kare ba ya haushi. Da yamma a fita roƙon ruwa, a dawo ana duban gabas.

Ran farko na dawo gida ina goge baki, Hajjo ta dube ni ta ce, "Malam, yau ma an yi lashe-lashen?"

Na ce, "Aiki ne, Hajjo."

"Da ɗanɗano ko babu?"

"Akwai ɗan tsami."

"Ya za a yi babu tsami, tsamiyata ce." Ta ci gaba da tuƙi. Can ta ce, "Ni dai ba na tashi hura wuta don sahur ɗin wanda ke shan kunu da hantsi a gidan Nasara."

Tsohuwata ta goyi bayanta, abin da ba su taɓa yi ba a kan komai. Na yi musu gardama da baki, amma maganar ta tsaya mini a rai. Idan na bar aikin, gida ba abinci. Idan na ci gaba, watakila wata guda nake yunwar banza, in je lahira a ce mini ga azuminka can a cikin tulun Jamus. Na kwana biyu ina lasa ina tofarwa ina istigfari, har Jan Gemu ya tambaya ko ciki gare ni.

Sai na tafi wurin Modibbo Hamadu. Shi ne malamin unguwarmu, Bafulatani, tsoho siriri mai farin gemu, wanda idan ka kawo masa tambaya sai ya juya ta kamar mai sayen akuya kafin ya ce uffan. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam," na zayyana masa komai.

Ya ce, "Abin da kake lasa, ruwa ne?"

"A'a, waya ce busasshiya."

"To me ke da tsamin?"

"Abin da ke gudu a cikinta."

"Mene ne shi?"

Na ce turi ne ke kawo gudu, su haɗu su zama ƙarfi. Ya dube ni da tausayi, ya ce yunwa ba ta da kyau. Sannan ya ce ba ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, gobe in zo in raka shi.

Muka isa bariki rana ta take. Jan Gemu ya ji daɗi ƙwarai, don ya samu sabon wanda zai koya wa. Ya kawo kujera ya ce, "Ki zauna, Modibbo." Modibbo ya waiwaya ya ga ko akwai wata mace a bayansa, bai ga kowa ba, ya zauna.

Aka kawo salka, na roƙa a bar ta haka nan, aka yi bayani da baki. Modibbo ya saurara idonsa a lumshe. Da aka gama ya ce, "Tambayata guda ce, Bature. Abin nan idan ya shiga harshen Garba, ina yake zuwa? Yana gangarawa ciki?"

Jan Gemu ya ce, "Ba ta zuwa ciki. Tana fita daga kan tulu, ta bi waya, ta ratsa harshe daga nan zuwa nan, ta bi ɗaya wayar, ta koma gida ta wutsiya." Ya jawo wata 'yar ƙararrawa ta tebur ya haɗa da tulu, ta kama ƙara. Ya ɗage waya guda, ta yi shiru. Ya mayar, ta kama. Ya ɗage ɗaya gefen, ta sake shiru. "Kin gani? Idan hanya ta yanke ko'ina, ba ta fita ko kaɗan. Sai ta tabbata akwai hanyar komawa."

Modibbo ya gyaɗa kai ya ce, "Matafiyin da ba ya barin gida sai ya tabbatar da hanyar dawowa. Ya fi fataken Hausawa hankali." Ya faɗi haka yana kallona.

Sai ya ce zai gwada da kansa, amma ba da harshe ba tunda hukunci bai fita ba. Ya ɗora yatsa a kan tulu, wani yatsan a wutsiya. Ya jira. Ya matsa zuwa ayarin gaba ɗaya, ya jira. Ya ce, "Ba kowa a gidan nan." Jan Gemu ya yi bayani cewa busasshiyar fata kamar hujin allura ce, ɗan turin tulu ba ya iya tura gudu ta ciki, harshe kuwa jiƙaƙƙe ne, ƙofa ce a buɗe. Modibbo ya yi murmushin wanda ya saba jin uzurin masu tsibbu idan layarsu ta ƙi ci.

Lokacin azahar ya yi. Na kawo masa buta, ya fita ya yi alwala a gindin bango. Ya dawo ɗaukar sandarsa hannuwa na ɗigar ruwa, sai ya ce, "To ga jiƙaƙƙen hannu, bari mu ƙure magana." Jan Gemu ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur, ni kuma ina mayar da buta. Modibbo bai nufi tuluna ba. Ya ga wasu kusoshi biyu na tagulla masu ƙyalli a saman akwatin bango, inda wayar bakin kogi ke shigowa, ya kama su da kyau, ɗaya a kowane hannu.

A daidai wannan lokaci sojan da ke bakin kogi ya juya mariƙinsa.

Mariƙin nan turinsa ya fi na dukan tulunan ɗakin a ayari guda, nesa ba kusa ba. Na taɓa ganin tsoho ya yi tsalle, amma ban taɓa ganin ya yi shi daga tsaye ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba. Gemunsa ya miƙe, rawani ya kwance ya sauko masa a kafaɗa, takalmi guda ya tafi ƙofa. Ya faɗi wata kalma da Fulatanci wadda ban san malamai sun san ta ba, sai a bakin masu kiwo idan saniya ta taka su. Sannan ya sami kansa zaune a ƙasa tsakanin tuluna, yana duban tafin hannunsa.

Jan Gemu ya yi fari fat, har gemun ya dushe. Ya ɗauki abin kunne, ya saurara. Sojan tambaya yake ko waya na aiki yau. Jan Gemu ya dubi Modibbo, ya ce a hankali, "Tana aiki."

Na durƙusa ina yi wa Modibbo fifita da gefen rigata, ina ganin na kashe malamin unguwa a watan azumi. Ya gyara zama. Sannan ya shafa cikinsa, ya shafa maƙogwaro, ya haɗiye yawu yana sauraron kansa. Ya ce, "Garba."

"Allah gafarta Malam."

"Ya shiga ta nan, ya fita ta nan. Na bi sawunsa. Bai tsaya ba, bai bar komai ba, kuma yunwar da na zo da ita tana nan yadda take. Abin da ba ya ƙosarwa, ba ya kashe ƙishi, ba ya sauka ciki, bai karya azumi ba. Hukuncinka hukuncin mace mai ɗanɗana miya ne saboda larura. Ka goge wayar kafin ka lasa, ka tofar bayan ka lasa." Ya ɗan nisa. "Azuminka na nan. Alwalata ce dai ba ni da tabbas a kanta. Miƙo butar."

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Hajjo ta tarye ni a bakin ƙofa tana danne dariya da gefen mayafi, ta ce ai tun farko ita ba ta ce azumina ya karye ba, tambaya kawai ta yi. Da asuba na ji ta tana hura wuta.

Ruwa ya sauko daga baya, bayan salla, 'yan kwanaki kaɗan, ya isa a sami harawa da ɗan wake amma bai ceci dawa ba. Wahalar ta ja har wata damina. Mutane da yawa sun tafi, wasu ba su dawo ba, ciki har da mijin maƙwabciyarmu. Mu dai tuluna suka riƙe murya da tsamiya da manda da gayya, mudu bai yanke ba, gida biyu suka ci daga cikinsa, ɗan da ke goye ya rayu, shi ne uban Usumanu. Da kogi ya sake cika na koma karofina. Ba a daɗe ba yaƙi ya zo, Jamus suka tafi, ban sake jin labarin Jan Gemu ba.

Modibbo Hamadu ya yi shekaru bayan haka, shi ya raɗa wa 'ya'yana uku suna. Mutunci tsakaninmu bai ragu ba ko kaɗan. Amma har ya koma ga Allah bai ƙara ba ni hannu ba. Idan muka haɗu a kasuwa ko a ƙofar masallaci na miƙa nawa, sai ya tura nasa biyu cikin hannun riga, ya ɗan ja da baya, ya yi mini lafiya da Fulatanci, ya ce, "Jam, Garba, jam. Tsaya daga nan, gaisuwarka na isowa."